Bayit Takwas Da Suka Riƙe Hirar Minti 43: Nazarin Gyaran Wani Fayil Na Murya A Sakkwato

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura maki 40 tun kafin azahar, wani ɗalibi mai binciken digiri na biyu a kan sana'ar jima ya je majema da ƙaramar rakoda domin ya ɗauki hira da wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ya shafe makonni yana neman wannan zama, domin dattijon ba mai son dogon zance ba ne, kuma sai da wani ɗan'uwansa ya shiga tsakani kafin ya amince. Da zaman ya samu, bakin dattijon ya buɗe. Ya yi bayanin yadda ake jiƙa fatar jar akuya a ruwan toka har gashi ya saki, da yadda ake kankare ta, da dakan bagaruwa da ake jeme ta da shi, har ya gangaro kan rini da karan dafi. Ana cikin wannan batu ne batirin rakodar ya mutu, ba tare da an danna maɓallin tsayawa ba.

Da ɗalibin ya koma masaukinsa ya sa mimorin a kwamfuta, ya tarar da fayil ɗin yana nan da sunansa, nauyinsa ya haura megabayit 700, amma duk manhajar sauraro da ya gwada sai ta nuna tsawon hirar sifili ne, ko ta ce fayil ɗin ya lalace. Wannan saɓani tsakanin nauyi da tsawo shi ne jigon lamarin baki ɗaya, domin fayil mai wannan nauyi ba fanko ba ne.

Kafin a kawo mini aikin, an riga an yi yunƙuri ɗaya. Wani matashi mai shagon kwamfuta, wanda yake da ɗan sani a kan irin wannan matsala, ya buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran bayit (bayit su ne ƙananan lambobin da kowane fayil ya ƙunsa), ya kwafo bayit 44 na farko daga wani lafiyayyen fayil na murya, ya liƙa su a kan farkon na ɗalibin. Fayil ɗin ya buɗe kuwa, sai dai abin da ya fito ƙara ce irin ta ruwan sama mai ƙarfi a kan rufin kwano, ta kimanin minti uku, ba muryar mutum a ciki. Daga nan ɗalibin ya ɗauka hirar ta salwanta. Abin da ya cece shi, ba tare da ya sani ba, shi ne matashin ya yi aikinsa ne a kan kwafin da aka zuba a filasha, bai taɓa na cikin mimori ba. Saboda haka matakina na farko shi ne na sauke ɗan makullin da ke gefen mimorin, wanda ke hana rubutu a kai, na yi kwafi biyu, na kuma fitar da tambarin SHA-256, wato lambar shaida da ake lissafowa daga dukkan bayit ɗin fayil, na asalin da na kwafin domin in tabbatar ko bayit ɗaya bai bambanta ba. Daga wannan lokaci mimorin ya koma aljihun mai shi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, manhajar gyaran bayit tana nuna fayil ne tsirara, ba tare da ta fassara shi zuwa hoto ko murya ba. Allon yakan kasu uku: a hagu akwai lambar gurbi, wato nisan kowane layi daga farkon fayil, kuma ƙidayar tana farawa ne daga sifili, a tsakiya akwai bayit ɗin kansu, sha shida a kowane layi bisa al'ada, kowanne an rubuta shi da alama biyu na ƙidayar heksadesimal, daga 00 zuwa FF, wato daga sifili zuwa 255, a dama kuma akwai yadda waɗannan bayit za su fito idan aka karanta su a matsayin haruffa. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. HxD kyauta ce a kan Windows, kuma tana da ɗan akwatin da ke nuna abin da bayit ɗin da aka zaɓa ke nufi idan lamba ce. ImHex ita ma kyauta ce, an fitar da ita a 2020, tana da harshen bayyana tsarin fayil. Ni na yi amfani da 010 Editor ta kamfanin SweetScape, wadda ta shahara da taswirorin tsari da ake rubutawa da salo mai kama da harshen C, inda mutum zai faɗa wa manhajar cewa bayit huɗu na farko suna ne, huɗu na gaba lamba ce, da sauransu, ita kuma ta jera masa gurabun da sunayensu da ƙimarsu.

Amma kafin a ɗora kowace taswira, ya kamata a kalli layin farko da ido. Bayit huɗu na farko su ne 52 49 46 46, waɗanda a ɓangaren dama suka fito RIFF. A gurbi na 8 kuma akwai 57 41 56 45, wato WAVE. Wannan ya tabbatar da cewa fayil ɗin WAV ne na gaske, tsarin da Microsoft da IBM suka fitar a 1991. Tsarin RIFF ya ginu ne a kan ƙunshi-ƙunshi: kowane ƙunshi yana farawa da suna mai haruffa huɗu, sai lamba mai bayit huɗu da ke faɗin yawan abin da ke ciki, sai abin da ke cikin. Manhajar sauraro ba ta laluben murya a fayil; tana karanta suna, ta karanta girma, idan ba ƙunshin da take nema ba ne ta tsallake daidai wannan girman zuwa na gaba. Dogaronta duka a kan waɗannan lambobi yake.

Tsakanin RIFF da WAVE, a gurbi na 4 zuwa na 7, inda ya kamata a ga girman dukkan abin da ya biyo baya, sai ga 00 00 00 00. Dalilin a fili yake. Lokacin da aka danna maɓallin ɗauka, rakoda ba ta san tsawon da hirar za ta yi ba, don haka takan rubuta goshin fayil ɗin, wato bayanan da ke farkonsa kafin muryar, ta bar guraben girma da sifili, ta ci gaba da zuba murya a baya, sai an danna tsayawa ta dawo ta cike su. Kamar dillalin fata ne da ya liƙa takarda a jikin ɗauri, ya bar wurin adadi a buɗe har sai ya gama ƙirga, sai aka kira shi kafin ya rubuta. Fatun suna nan cikin ɗaurin, takardar ce kawai ba ta faɗi komai ba.

Abin da ya biyo baya ne ya bayyana kuskuren yunƙurin farko. Bayanin da aka fi yaɗawa game da WAV shi ne goshinsa bayit 44 ne: ƙunshin fmt yana gurbi na 12, ƙunshin data yana gurbi na 36, girman muryar kuma yana gurbi na 40. Wannan gaskiya ne ga mafi sauƙin fayil, amma ba doka ba ce. A wannan fayil, abin da ke gurbi na 12 shi ne 62 65 78 74, wato bext, ƙunshin da Ƙungiyar Gidajen Watsa Labarai ta Turai ta ƙara wa WAV a 1997 domin aikin rediyo da talabijin, kuma rakodojin aikin fili da yawa suna rubuta shi. A cikinsa akwai gurbin bayani mai bayit 256, da gurbin sunan na'ura mai bayit 32, da ranar ɗauka mai bayit 10, da lokacin ɗauka mai bayit 8, da wasu gurabe. Girmansa a nan an rubuta shi 5A 02 00 00.

A kan wannan lamba ya dace a dakata, domin a nan ne sabon shiga ya fi tuntuɓe. WAV yana ajiye lambobi ne da ƙaramin bayit a gaba, babba a baya, irin tsarin da na'urorin Intel ke bi. Wanda ya karanta 5A 02 00 00 daga hagu zuwa dama yadda ya gan su zai sami lamba da ta haura biliyan ɗaya da rabi, wadda ta ninka nauyin fayil ɗin gaba ɗaya. Karatun da ya dace shi ne a juya jerin bayit ɗin, a sami 025A, wanda a ƙidayarmu ta yau da kullum 602 ne. Ba alamomin ake juyawa ɗaya bayan ɗaya ba, bayit ɗin ake juyawa kowanne da alamominsa biyu a haɗe. Ba kuma kowane tsari ne ke bin wannan hanya ba: AIFF na kamfanin Apple da hotunan PNG suna sa babban bayit ne a gaba, don haka sanin irin fayil yana gaba da karanta kowace lamba a cikinsa.

Idan aka haɗa 12 da bayit 8 na suna da girma da kuma 602, sai a sauka a gurbi na 622, kuma can ɗin na tarar da 66 6D 74 20, wato fmt da tazara ɗaya a bayansa. Wannan ƙunshi lafiyarsa ƙalau, domin duk abin da ke cikinsa rakodar ta san shi tun kafin ta fara ɗauka. A nan ne taswirar tsari ta nuna amfaninta, domin maimakon jerin alamomi sai ga gurabe da sunayensu. Nau'in murya 01 00, wato murya ce da ba a matse ba. Kafofi 02 00, dama da hagu. Sai 80 BB 00 00, wanda yake nufin ana ɗibar sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa. Sai 00 65 04 00, wato bayit 288,000 a daƙiƙa. Sai 06 00, girman kowane tubali na sauti. Na ƙarshe kuma 18 00, wanda ɗalibin da ke leƙen allon ta kafaɗata ya karanta goma sha takwas, alhali 18 na heksadesimal 24 ne a ƙidayar yau da kullum, wato yawan bit na kowace ɗiba, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Lambobin kuma sun gaskata juna: bit 24 bayit uku ne, sau kafa biyu ya zama shida, sau 48,000 ya zama 288,000. Irin wannan daidaito na ciki ya fi kowace shaida ƙarfi a kan cewa ana karanta gurbin da ya dace.

Yanzu ƙarar ruwan saman nan ta sami bayani. Goshin da matashin ya liƙa na fayil ne mai bit 16 da ɗiba 44,100, irin na faifan CD. Da wannan goshi manhajar sauraro ta riƙa yanka muryar bayit bibbiyu, alhali rakodar ta zuba ta uku-uku. A cikin kowane bayit uku, na farko yana ɗauke ne da mafi ƙanƙantar bambancin sauti, wanda ke canzawa kusan ba tsari, na ƙarshe kuma shi ke ɗauke da siffar muryar. Da aka yanka su bibbiyu, ƙananan bayit suka riƙa faɗawa matsayin manya, sai ƙurar sauti ta zama ita ce mai ƙarfi ta binne maganar. Minti ukun kuwa tsawon wancan fayil ɗin ne da aka aro goshinsa, ba na hirar ba. Bayan haka, liƙin ya shafe sunan bext da farkon gurbin bayani a wannan kwafi. Tunanin matashin daidai ne, ya gane cewa matsalar a goshi take. Abin da bai yi ba shi ne karanta goshin da ke gabansa kafin ya rufe shi da wani.

Ƙunshin fmt ya ƙare a gurbi na 646, inda aka ga 64 61 74 61, wato data, sai wasu sifili huɗu a gurbi na 650. Daga gurbi na 654 kuma bayit suka ci gaba ba yankewa har ƙarshen fayil. A daidai nan taswirar da ta taimaka a baya ta fara ɓatarwa. Da ta karanta cewa girman muryar sifili ne, ta yarda, ta ɗauki bayit huɗun farko na muryar dattijon a matsayin sunan wani sabon ƙunshi, ta ɗauki huɗu na gaba a matsayin girmansa, ta nuna suna marar ma'ana da lamba marar kan gado, sannan ta tsaya da saƙon kuskure. Ba laifinta ba ne. Taswira tana faɗin abin da bayit ke nufi bisa ƙa'idar tsarin, ba ta da hanyar sanin ko abin da aka rubuta gaskiya ne. A ganina wannan shi ne abin da masu sha'awar irin waɗannan manhajoji ba su cika jaddadawa ba: taswira ta fi kyau a kan lafiyayyen fayil, alhali mai lalataccen fayil ne ya fi buƙatarta, don haka dole mai aiki ya san gurbin da zai daina gaskata ta.

Sauran aikin lissafi ne. Nauyin fayil ɗin daidai bayit 743,047,168 ne. Wannan lamba kanta tana da labari, domin tana rabuwa da 32,768 ba saura, wato ta yi daidai da cikakkun gungu na mimorin, domin mimorin yana ajiye fayil ne gungu-gungu, kowanne mai bayit 32,768, alamar cewa ɗaukar ta katse ne a iyakar gungu na ƙarshe da rakodar ta samu ta yi wa rajista. Idan aka cire 654 na goshi, saura 743,046,514. Sai dai wannan ba ta rabuwa da shida, akwai saura huɗu, wato tubalin ƙarshe bai cika ba. Cikakkiyar muryar bayit 743,046,510 ce, wadda idan aka raba da 288,000 ta ba da daƙiƙa 2,580 da ɗan ɗigo, wato minti 43. Na tambayi ɗalibin ko tsawon ya yi daidai da abin da yake tunawa, ya ce sun fara ne bayan la'asar da kaɗan kuma bai yi tsammanin sun kai awa ɗaya ba. Ba hujja ba ce mai ƙarfi, amma ba ta saɓa wa lissafin ba.

A gurbi na 650 na rubuta 6E FD 49 2C, wato 743,046,510 da ƙaramin bayit a gaba. Na yanke bayit huɗun da suka yi saura a wutsiyar fayil, nauyinsa ya koma 743,047,164. Lambar gurbi na 4 kuma nauyin fayil ce a cire takwas, domin ba ta ƙirga sunan RIFF da ita kanta, saboda haka 743,047,156, na rubuta F4 FF 49 2C. Ana iya shigar da waɗannan lambobi kai tsaye a cikin jerin taswirar da ƙidayar yau da kullum, manhajar ta jera bayit ɗin da kanta, kuma wannan ya fi aminci ga wanda bai saba ba. Ni na yi lissafin da hannu ne sannan na sake ɗora taswirar domin hanyoyin biyu su binciki juna. Abin da na fi kula da shi shi ne manhajar ta kasance a yanayin maye gurbi, ba yanayin cusawa ba. A yanayin cusawa sababbin bayit ba sa hawa kan tsofaffi, tura su gaba suke yi, don haka bayit huɗun da aka cusa a gurbi na 4 za su gusar da WAVE da bext da komai daga wurarensu, fayil ɗin ya fi da lalacewa. Hanya mai sauƙi ta gane hakan ita ce duba nauyin fayil kafin rubutu da bayansa, domin maye gurbi ba ya ƙara ko bayit ɗaya.

An yi sa'a kuma WAV ba shi da lambar tantancewa. A hoton PNG kowane ƙunshi yana ƙarewa da CRC mai bayit huɗu da aka lissafa daga abin da ke cikinsa, haka ma kowane fayil da ke cikin ZIP yana da tasa, don haka wanda ya canza bayit a can sai ya sake lissafa wannan lamba, in ba haka ba manhaja ta ƙi karɓa. A nan bayit takwas ɗin sun wadatar. Taswirar ta bi fayil ɗin daga farko har ƙarshe ba kuskure, manhajar sauraro ta nuna minti 43, muryar dattijon ta fito tas, har ana jin kukan awaki da sautin turmi a bayansa.

Akwai wata hanya da za a iya bi, kuma ya kamata a ambace ta. Manhajar Audacity tana iya shigo da fayil a matsayin ɗanyen sauti, ta yi watsi da goshinsa, idan aka faɗa mata yawan bit da jerin bayit da yawan kafofi da yawan ɗiba da gurbin da za ta fara. To amma duk waɗannan bayanai daga karatun goshin ake samo su, kuma kuskuren bayit ɗaya a gurbin farawa zai haifar da irin waccan ƙara. Sannan abin da za ta fitar sabon fayil ne, wanda ba lallai ya zo da ƙunshin bext ba, alhali a can rana da lokacin ɗauka suke, kuma ga mai binciken da zai kare aikinsa a gaban malamai wannan shaida tana da daraja. Domin wannan dalili ne na fitar da tambarin SHA-256 na zangon muryar kaɗai, daga gurbi na 654 zuwa bayit 743,046,510 na gaba, a asalin fayil da kuma wanda aka gyara. Tamburan biyu suka zo iri ɗaya. Na rubuta masa takarda mai shafi ɗaya da ke nuna gurabe biyun da aka canza, da abin da ke cikinsu a da, da abin da aka sa, da bayit huɗun da aka yanke, domin ya ajiye tare da fayil ɗin.

Abin da gyaran bai iya dawowa da shi ba shi ne 'yan daƙiƙun ƙarshe da suke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta rakodar lokacin da wuta ta ɗauke, da kuma duk abin da dattijon ya faɗa bayan nan yana zaton ana ɗauka. Hirar ta yanke ne a tsakiyar jimla, yana cewa, "To shi karan dahin nan, in ka jiƙa shi, sai ka..." Ɗalibin ya saurari wurin sau uku. Washegari ya sayi batir sababbi guda huɗu da goro, ya koma majema, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wancan karatu da ka fara mini na rini, ban samu ƙarshensa ba." Zama na biyu ya ɗauki minti 20, kuma wannan karon ya danna tsayawa ya jira fitilar rakodar ta daina ƙiftawa kafin ya zare mimorin.